Buhu Nawa, a Kwana Nawa?

Ya ku 'yan'uwa manoma, in aka tambayi ɗayanmu yadda damina ta kasance, sai ya ce, "Na sami buhu 20." Madalla. Amma kwana nawa aka yi ana aiki kafin su shiga rumbu? Nawa aka kashe wajen taki da iri da hayar garma? In bara an sami buhu 18 da rabin wannan wahala da rabin wannan kuɗi, to, bana baya aka ci.

Da irin wannan awo ake gane ko ƙasa tana ci gaba. Masu ƙididdiga sukan tara duk abin da ƙasa ta samar a shekara, su raba shi da yawan awoyin da jama'a suka yi aiki, don a ga abin da ƙwadago ya haifar. Su kuma raba shi da jarin da aka zuba, wato injuna da hanyoyi da gine-gine. Sa'an nan su jera shekara da shekara, bayan sun cire tashin farashi.

Cire tashin farashin nan wajibi ne. Dattawanmu suna tune da ƙarin albashin Udoji, wanda aka yanke a 1974. Kuɗi ya cika aljihu, amma hatsi bai ƙaru a kasuwa ba, sai farashi ya hau da fiye da kashi 30 cikin 100 a 1975. Yawan naira ba shi ne yawan abinci ba.

Jari kaɗai ma ba ya isa. A 1957 wani masani Ba'amurke, Robert Solow, ya duba lissafin ƙasarsu daga 1909 zuwa 1949. Ya tarar abin da ma'aikaci ke samarwa a awa guda ya ninka biyu, amma kashi 1 cikin 8 ne kawai na ƙaruwar ya zo daga ƙarin jari. Sauran ya zo ne daga sabuwar dabara da ƙwarewa. Ƙungiyar da ke ɗokin cin bashin tarakta ta yi tunani a kan wannan, tun da ingantaccen iri da shuka kan kari ba su kai tarakta tsada ba.

Shawarata ita ce, kowace ƙungiyar gama kai ta sayi littafi guda. Magatakarda ya riƙa rubuta eka nawa aka noma, kwana nawa aka yi aiki, nawa aka kashe, buhu nawa aka girbe. A sa har da aikin mata da yara da na gayya, domin gumin da ba a biya ba shi ma gumi ne. A ƙirga da buhu, ba da naira kaɗai ba. Bayan damina biyar, littafin zai nuna mana abin da ya biya da abin da ya cinye mu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.