TABON KURAJEN FUSKA: WANNE NE NA GIDA, WANNE NE SAI LIKITA?



'Yan uwa masu albarka, tambaya ta yi yawa a kan tabon da kuraje ke bari a fuska, musamman daga 'yan mata masu shirin aure da iyayensu. Maganata a kai guda ce: ki fara sanin irin tabon da ke fuskarki kafin ki kashe ko sisi, domin ba kowane tabo ne ganye ke ɗauka ba.

Tabon nan iri uku ne. Ki wanke fuska, ki tsaya gaban madubi da rana, ki shafa da yatsa.

Na farko, baƙin tabo wanda yake a shafe, ba rami ba tudu. Wannan launi ne kawai ya taru a inda ƙurji ya warke, kuma ya fi yawa gare mu masu baƙar fata. Yana gushewa da kansa a hankali, wani wata 6, wani shekara ko fiye. Abin da ke dawo da shi baya shi ne matsar ƙurji da farce, da zafin rana, da dirza fuska da ƙarfi. A nan zuma mai kyau tana taimakawa wajen lafar da fata, haka man kare rana. Likita ma yana da man shafawa irin su adapalene da azelaic acid. Mai juna biyu ta faɗa wa likita tukuna, don wasu magungunan kuraje suna cutar da ɗan tayi.

Na biyu, rami. Kumburin ƙurji ya cinye naman da ke ƙarƙashin fata, sai wurin ya loɓa. To a nan fa zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu masu sana'armu daɗi ba: habbatus sauda da man zaitun da kurkur da dilka ba sa cike rami. Albarkarsu tana nan, amma kowane magani da muhallinsa. Duk wanda ya ce miki haɗinsa zai share rami cikin kwana 7, kuɗinki yake so.

Aikin rami na likitan fata ne. Akwai tsattsaga fata da ƙananan allurai don ta gina sabon nama, ana maimaitawa kamar sau 3 zuwa 6, da tazarar wata guda ko fiye. Akwai sa allura a ƙarƙashi a tsinke zaren da ke janyo fatar ciki. Akwai ɗiga ruwan magani mai ƙarfi cikin rami mai zurfi, akwai kuma hasken lesa. Duk waɗannan rage tabo suke yi, ba sa mayar da fuska kamar ta jariri. Kuma lesa da ruwan saɓule fata, in aka yi su ba bisa ilimi ba, suna ƙona baƙar fata su bar tabon da ya fi na farko muni. Saboda haka kar ki miƙa fuskarki ga mai shagon kwalliya don kawai ta sayi na'ura. Allurar da aka yi wa wata da ita ma tana iya ɗauko miki ciwon hanta.

Na uku, tabo mai tudu da tauri, sau da yawa a haɓa ko ƙirji. Wannan kar a yi masa tsaga ko ƙaho ko sakiya, ƙara girma zai yi. Allura ake yi a cikinsa a asibiti har ya kwanta.

Wasu na tambaya, Malam, wannan ba canza halittar Allah ba ne? A'a. Malamai sun bambanta gusar da aibi da neman ƙarin kyau. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ma, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta gyara aibin da ƙuna ko haɗari ko cuta suka bari. Abin gudu shi ne bilicin. Mayukan nan masu sitiroyid ko sinadarin makuri suna sirantar da fata, su ƙara kuraje, wasu har ƙoda suke taɓawa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Haka lemun tsami da man goge baki da kanwa, wallahi ƙona fuska suke yi.

Shawarata: a fara kashe kurajen da ke fitowa, don ba a gyaran tabo alhali sababbi na tsirowa. Amarya ta fara tun biki saura wata 6, ba saura sati biyu ba. A nemi likitan fata a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya.

Ku kuma iyaye da samari, ku ji tsoron Allah, ku daina yi wa yarinya gori da fuskarta. Gorin nan ne ke tura su ga bilicin.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. A tura wa 'yan uwa domin su amfana.

Wassalamu alaikum.