Nasiha Ga Malamai Da Attajirai A Kan Kwamitin Itatuwa

Ya ku 'yan'uwa malamai da attajirai, ina jan hankalinku ga wani aiki wanda babu albashi a cikinsa, watau zama cikin kwamitin da ke kula da itatuwan gari da hanyoyinsa. Sau da yawa idan mai unguwa ya nemi masu shiga, sai malami ya ce karatu ya tsare shi, attajiri ya ce kasuwa ta hana shi, a bar abin a hannun samari waɗanda ba a jin maganarsu.

To, mu dubi abin da ke hannunmu. Allon almajiri daga itace aka sassaƙo shi, tawada ba ta kama allo sai da ƙaro, wutar karatun dare da itace ake hura ta, darasin hantsi kuwa a inuwa ake biya shi. Haka attajiri: fatar da majeman Kano suka yi suna da ita da bagaruwa ake jeme ta, daddawa daga ɗorawa take, man kaɗe daga kaɗanya. Wanda ya fi cin amfanin abu shi ya fi cancanta da tsaronsa.

Ku sani dasawa ba ita ce wahala ba. Kowace damina akan raba dashe, a yi taro a watse, kafin bazara awaki sun cinye rabi, ƙishirwa ta kashe saura. Abin da muka rasa shi ne masu tsaro. Mutanen ƙasar Maraɗi sun nuna mana wannan. Bayan yunwar 1984 manomansu suka daina ƙone kututture a gona, sai su zaɓi toho mai ƙarfi su bari, su sassabe saura. Ƙauyuka suka naɗa kwamitoci don hana saran sata, a wasu wurare har da mata da makiyaya a ciki. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a ƙasar Nijar ta wannan hanya, da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki.

Hanya ma haka take. Aikin kwamiti ne ya zaga kafin shuka, ya ga inda gona ta ci burtali, ko gini ya toshe hanyar rijiya da ta maƙabarta, a mayar da iyaka tun ana magana da baki, kafin manomi da makiyayi su kai ga sanda. Ya tabbata a hadisi cewa kawar da cuta daga hanya yana cikin rassan imani, dashe kuwa sadaka ne ga mai shi muddin ana ci daga gare shi.

Saboda haka malami ya ba da safiyar Alhamis, tun da ranar hutun makaranta ce, ya danƙa wa kowane almajiri itace guda ya riƙa ba shi ruwa. Attajiri ya sayi abin shinge, ya riƙe littafin kuɗi tun da shi ya san lissafi, a riƙa karanta shi a ƙofar masallaci don kawar da zato. In mai unguwa ya aiko muku bana, kada ku ce a nemi wani.

Allah ya sa mu dace, amin. Haza wassalam.