Ku daina sa manhaja barci don a ce ta ci gwaji

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta kama matasanmu masu rubuta manhaja, kuma ta ishe ni. Yaro zai gwada aikinsa, ya ga shafi bai gama buɗewa ba gwajin ya faɗi. Maimakon ya binciki dalili, sai ya cusa layi ɗaya: time.sleep idan Python yake rubutawa, Thread.sleep idan Java ne. Manhaja ta tsaya cak daƙiƙa biyar, shafi ya samu ya fito, gwaji ya wuce, ya tashi yana murna wai ya gyara.

Bai gyara komai ba, ɓoye ciwon ya yi.

Daƙiƙa biyar ɗin nan daga ina ya samo ta? Daga ofis mai intanet mai gudu, a Abuja ko Legas. To kawo manhajar Kafanchan, kai ta Kagoro ko Zonkwa ranar kasuwa, lokacin da sabis ke hawa yana sauka. Amsar da ke zuwa cikin daƙiƙa biyu can tana iya cin ashirin a nan. Mai POS ya danna, na'ura ta ce ciniki bai yi ba, alhali an cire kuɗin tsohuwa daga asusunta. Ita za ta yi zaryar banki, wanda ya rubuta layin kuwa yana can yana shan iska.

Ko inda sabis ke da kyau, asara ce. Gwaji 200, kowanne da barcin daƙiƙa biyar, ya haura minti 16 ana zaune ana kallon allo, janareta na shan mai. Direban tasha ba ya cewa bayan minti biyar zai tashi ko da fasinja ko babu. Jira yake mota ta cika. Haka ake so gwaji ya yi: ya jira abin da ake jira ya bayyana, da ya bayyana ya wuce, in ya daɗe fiye da ƙima ya faɗi ya kuma faɗi dalili. Manhajar gwaji ta Selenium tana da wannan tun tuni, takwararta Playwright ma da kanta take jira. Cusa barci lalaci ne kawai.

Wanda ke ganin sakacin gwaji wasa ne ya tuna Mayun 2025, da shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997, sai da aka sake musu jarabawa.

Kafanchan ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Gidauniyar Fantsuam ta daɗe tana koyar da ita a Bayan Loko, ga kuma reshen jami'ar jihar Kaduna. Malamai, don Allah duk ɗalibin da ya kawo muku gwaji cike da barci, ku mayar masa da abinsa ya sake.