Harshe Ma Alƙali Ne: Ma'aunin Ɗanɗano da Darajar Abin Sha na Gida a Kudancin Jigawa

A ranar kasuwa a Maruta, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, ba wuya a ga dattijo ya tsuguna gaban ƙwaryar mai nono, ya karɓi ludayi ya ɗebo kaɗan, ya ɗaga shi ya bar nonon yana zubowa a hankali don ya ga yadda yake sauka, sannan ya kai baki. Ba ya haɗiyewa nan take, sai ya ɗan juya shi a kan harshe, ya ce, "'Yar nan, wannan nonon ai tsala ne, an kaɗe mansa, kuma ya kwana biyu." Ita kuwa ta ce, "Haba Baba, kwanansa ɗaya, zafin rana ne ya ƙara masa tsami." Kafin a shiga ciniki an riga an yi shari'a: an duba kauri, an shinshina ƙanshi, an auna tsami, an kuma yanke hukuncin da zai ƙayyade farashi.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, abin da dattijon nan ya yi ilimi ne mai ƙa'idoji da kalmominsa na musamman, kuma manazarta Hausa sun yi sakaci da shi. Sakacin bai tsaya a kan ƙamus ba. Yana taɓa aljihun matan da ke dama fura da kunu, domin sana'ar da ba a rubuta ma'aunin ingancinta ba, da wuya mai ita ta iya kare farashinta a gaban kayan kamfani.

Darasi daga masu giyar gida a Turai da Amurka

Misalin da ya fi fito da wannan batu fili ya zo ne daga wani wuri da Bahaushe Musulmi ba zai so ya leƙa ba, wato duniyar masu dafa giya a ƙananan masana'antu da cikin gidaje. A tsakiyar ƙarni na 20 manyan kamfanoni sun mamaye kasuwar giya a Ingila da Amurka, har ɗanɗanonta ya kusa zama iri ɗaya ko'ina. A shekarar 1971 wasu mashaya a Birtaniya suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar gargajiya ta ƙananan masu sana'a. A Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sanya hannu a 1978 kan dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gida don amfanin kansa, sannan a 1985 aka kafa tsarin BJCP na horar da alƙalan gasa da ba su shaidar ƙwarewa.

Abin lura ga manazarci shi ne hanyar da suka bi. Takardar alƙalancinsu ta kasa maki 50 gida biyar: ƙanshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda abin yake ji a baki 5, sai hukuncin gaba ɗaya 10. Tun a shekarun 1970 masanin sinadarai Morten Meilgaard ya tsara kalmomin ɗanɗanon giya cikin wani zane mai kama da da'ira, inda kowane aibi da kowane armashi ya sami suna. Da zarar aibi ya sami suna, mai sana'a ya san abin da zai gyara, mai saye kuma ya san dalilin da zai biya fiye da kuɗin kayan kamfani. Haka masu gahawa suka yi, inda ake auna ta da maki 100, wadda ta kai 80 ta shiga ajin na musamman, farashinta ya ɗaga. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giyar ƙasar Beljiyam cikin jerin al'adun gado na duniya, shekara guda bayan ta yi wa gahawar Larabawa haka. A duk misalan nan, kalma ce ta riga daraja zuwa.

Taskar da Hausa take da ita

Hausa ba ta rasa irin waɗannan kalmomi ba. Hasali ma, nahawunta ya ware musu aji na kansu. A 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa sunaye irin su zaƙi, tsami, ɗaci, kauri, laushi da zafi suna da siga guda, wato gaɓa biyu da ke ƙarewa da wasalin "i" mai tsawo, kuma daga gare su ake tsirar da siffofi kamar zazzaƙa, tsattsama da kakkaura. Paul Newman ya faɗaɗa bayanin a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Masana sun yi wa ƙirar kalmomin nan hidima sosai. Abin da ya rage shi ne ma'anarsu a bakin masu sana'a.

A ɗauki fura. Mai damu ta san bambancin furar gero da ta maiwa tun daga launi. Ta san furar da ba ta ji wuta ba, wadda gafin ɗanyen hatsi bai bar ta ba, da wadda ba ta ji kirɓi ba, wadda za ta yi gudaji a ƙwarya komai daɗewar damu. Ta san wadda citta ta danne wa kanumfari, da wadda barkono ya yi wa yawa har yana maƙaƙi a maƙogwaro. Yabo mafi girma da za a yi wa fura shi ne a ce tana da garɗi, kalmar da ba zaƙi take nufi ba, ba kuma ƙanshi kaɗai ba, wani armashi ne na hatsin da ya nuna ya kuma sha aiki. A ɓangaren nono akwai madara, akwai kindirmo mai kauri wanda ba a cire masa mai ba, akwai tsala. Akwai tsamin da ake nema da tsamin da ya zarce, akwai ƙarni, akwai ƙaurin tukunyar da ta kama. Gogaggen mai saye yakan gane nonon da aka tsinka da ruwa sannan aka mayar masa da kauri da garin 'ya'yan kuka, kamar yadda yakan gane wanda aka haɗa da madarar gari. Kunun da ya rasa komai kuwa a ce ya yi lami, ko ya yi salam, ko a ce tsararo ne.

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham da ya biyo bayansa sun tattara da yawa daga cikin kalmomin nan, amma ƙamus yakan ba da ma'ana ne a layi ɗaya ko biyu. Ba ya faɗin inda tsami yake tashi daga yabo ya koma zargi, ko yadda matar Gwaram da ta Birnin Kudu za su iya saɓawa a kan kaurin da ya dace da furar azumi. Wannan ilimi yana hannun mata, musamman tsofaffi. Polly Hill, a bincikenta na Batagarawa da aka buga a 1972, ta nuna girman cinikin da matan kulle ke gudanarwa daga cikin gida ta hannun yara 'yan talla, wanda fura ke cikin manyan hajojinsa. An ƙirga cinikin, amma ma'aunin da masu cinikin ke amfani da shi ya tsaya a zaure da tsakar gida.

Batun burkutu

A nan ne ake cin karo da ƙaya. Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, sha da sayar da giya haramun ne a addini kuma laifi ne a doka, wannan maƙala ba ta da ja a kan haka. Sai dai haramcin shan abu daban, nazarin tarihinsa da kalmominsa daban. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya cikin manyan jama'ar Barbushe a Dala. Joseph Greenberg ya bayyana gurbin giya a bukukuwan Maguzawan ƙasar Kano a littafinsa na 1946, Jerome Barkow kuma ya nuna yadda dafa ta ya kasance hanyar samun kuɗin matan Maguzawa. Manazarcin da ya tsallake wannan babi ya bar giɓi a tarihin sarrafa hatsi a ƙasar Hausa.

Dalili na biyu ya fi wannan kusa. Burkutu da kunun zaƙi suna da tushen fasaha ɗaya. A dukansu ana jiƙa hatsi, dawa ko gero, kuma a kunun zaƙi na asali, kafin sukari ya yawaita, tsiron hatsi ko ɗanyen dankali ne ke kawo zaƙin, domin sinadarin da ke cikinsu yana narka sitacin gasara ya mayar da shi sukari. Bayan haka wasu ƙwayoyin halitta masu amfani sukan sauya wani ɓangare na sukarin ya zama tsami. Idan aka bar abin ya daɗe, yis ya samu dama, sai ragowar sukarin ya fara komawa barasa. Mai burkutu tana neman wannan mataki na ƙarshe da gangan, mai kunu kuwa tana gudunsa. Saboda haka matar da ta ɗanɗana kunu ta ce "ya juya", ta zubar da shi, iyakar halal da haram ta gano da harshenta. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irin wannan iyaka a babin tsimin dabino da zabibi, wanda ya halatta muddin bai kai ga sa maye ba. Ke nan rubuta wannan sani hidima ce ga addini kansa, balle a zamanin da ake ɗura kunu a robobi a bar shi cikin rana tun safe har la'asar.

Sukar da za a iya yi

Wani zai ce abincin wani gubar wani, don haka ɗanɗano ba ya aunuwa. Gaskiya ne zaɓi ya bambanta, amma aibi bai cika bambanta ba. Mutum biyu za su iya saɓawa a kan yawan yajin da suke so, amma da wuya su saɓa a kan cewa fura ta yi ƙauri ko nono ya sha ruwa. Alƙalan Turai ma ba su daina saɓani ba, sun dai amince da sunayen abin da suke saɓani a kai.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ma'auni yakan haifi masu gadin ƙofa. A Turai da Amurka an sha kokawa cewa harkar giyar gida ta zama fagen alfahari, inda tsada ke maye gurbin inganci, kuma takardar maki ke matse nau'o'i masu yawa cikin ƙalilan. Idan aka ɗauko tsarin yadda yake, ƙarshenta wani ɗan boko a Dutse ko Kano ne zai riƙa gaya wa tsohuwar da ta shekara 40 tana kirɓa fura cewa tata ba ta cika sharaɗi ba. Maganin wannan shi ne a jera aikin yadda ya dace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: masu sana'ar su ne alƙalai, manazarci marubucinsu ne. Kuma a rubuta bambancin gari da gari a matsayin arziki, kada a mayar da shi kuskuren da za a gyara.

Suka ta uku ita ce tsafta. Ɗanyen nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗaukar cututtuka, ciki har da tarin fuka na shanu, ruwan damu ma yana iya zama hanyar cuta. Harshe ba ya gano wannan. Don haka duk ma'aunin da za a tsara dole ya haɗa hukuncin baki da gwajin ɗakin bincike, kuma a nan ne sashen Hausa yake buƙatar sashen kimiyyar abinci.

Abin da ya kamata a yi

Aikin bai fi ƙarfin jami'o'in jihar ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa suna da ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa, waɗanda iyayensu mata da kakanninsu su ne ma'abota ilimin. Matakin farko shi ne zama da masu fura, masu kunu da matan Fulani masu nono a Maruta, Sara, Gwaram da Birnin Kudu, a ajiye musu ƙore daban-daban su ɗanɗana, a naɗi abin da suke faɗa da yadda suke gardama, da Hausa da Fulatanci. Daga nan a fitar da ƙamus na ɗanɗano mai misalai cikin jimla, wanda ya nuna yabo, aibi, da musabbabin kowane aibi. Sai a mataki na uku za a yi maganar gasa a bukukuwan nunin amfanin gona, da alƙalai daga cikin matan.

Maƙwabta sun nuna cewa hanyar tana ɓullewa. Jamhuriyar Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar alamar asali a hukumar OAPI, abin da ba ya yiwuwa sai an rubuta dalla-dalla me ya sa kayan ya zama shi. Yau ana sayar da fura da yogot a robobi a manyan shagunan Kano da Abuja, wasu da madarar gari aka yi su, kuma yaron da ya tashi a kansu zai ɗauka haka fura take. Ranar da tsarar dattijon kasuwar Maruta ta ƙare, mai kindirmo na gaskiya za ta rasa wanda zai shaide ta, sai ta sayar da shi a farashin tsala, ko ita ma ta koma ƙara ruwa. Tsofaffin da suka san bambancin suna nan da ransu a yanzu, kuma daga Dutse zuwa Gwaram ba tafiyar kwana ba ce.