KU DAINA ZAGIN BINDIGA, KU DUBI MAI RIƘE DA ITA

Tun da Baturken nan Yusuf Dikeç ya ci lambar azurfa a Olamfik ɗin Paris a 2024, hannu ɗaya a aljihu, kowa a Facebook ya zama malamin harbi. To madalla. Amma akwai maganar da ta ishe ni. Da zarar an saka bidiyon gasa inda fistol ta cije wa wani, sai ka ji: "Ai bindigar ce ta banza", "Da Glock ce da hakan bai faru ba", "Da ya sayi mai tsada." Haba jama'a!

Tasa Dikeç ta iska ce, harsashi ɗaya-ɗaya ake sa mata. Wadda nake magana a kai ita ce fistol mai ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, irin ta gasar IPSC, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 1976. A can ana raba makinka da lokacin da ka ɗauka. Idan bindiga ta cije, agogo ba ya jiranka, matsalarka ce. Daƙiƙa 3 kana fama da ita, an wuce ka.

To me ke jawo cijewar? Na farko, gidan harsashi. Ɗan gasa yana harbi yana gudu, yana sakin gidan harsashi ya faɗi cikin yashi. Leɓensa ya lanƙwashe, ƙasa ta shiga, sifirin ɗinsa ya gaji. Gobe ya mayar da shi ba wanki ba dubawa, harsashi ya ƙi hawa daidai, ya ce laifin kamfani ne. Wane kamfani, Malam?

Na biyu, harsashin kansa. Wannan fistol da ƙarfin tashin albarushi take jefar da kwanso ta ɗauko sabo. Su kuma 'yan gasa suna rage albarushi don kada ta riƙa zabura a hannu. Shi ya sa IPSC ta sa iyaka: a ninka nauyin harsashi da gudunsa, a raba da 1,000, kada ya gaza 125. Wanda ya tsaya a bakin iyaka yana wasa da wuta. Ƙarfi ya yi kaɗan, kwanso ya maƙale a tsaye. Mafi muni, idan aka manta albarushi gaba ɗaya, harsashi ya tsaya cikin bututu. Ka ƙara harbi a kansa, bututu na iya fashewa a hannunka. Nan kuma ba maganar kofi ake ba, maganar yatsu da ido ce.

Na uku, riƙo. Ka riƙe ta sako-sako, wuyan hannu na lanƙwasa, sai ƙarfin da zai tura murfin sama baya ya tafi a banza. Glock ɗin da kuke yi wa kirari ma tana cijewa a hannun rago.

Na huɗu, shi ya fi ba ni haushi: gyaran gangar auzinawa. Mutum ya sayi CZ Shadow 2 lafiya lau, ya canja sifirin ya sa mai laushi, ya sassauta kunama, har bugun ya kasa tayar da harsashi. Ba gwaji, sai ranar gasa. Ga rashin mai, ga dauɗar hayaƙi ta taru a ƙugiyar da ke fizgo kwanso.

Na san wani zai ce ai ƙarfe ma yana karyewa. Gaskiya ne. A Olamfik ɗin Tokiyo a 2021 wani ƙarfe ya karye a bindigar iskar Manu Bhaker ta Indiya tana tsakiyar gasa, ta rasa zagayen ƙarshe. Amma sau nawa hakan ke faruwa? Kuma ba ta zauna zagin ƙarfe ba, ta koma atisaye, ta ɗauko tagulla 2 a Paris.

Ni dai ra'ayina ke nan: kuɗi na sayen bindiga mai kyau, amma wankewa, gwaji da riƙo ba a sayar da su a shago. Wanda bai yarda ba, ga fili nan, ya zo da hujja ba sunan kamfani ba.