Ƙarar lauya, wurin wa?

Makon jiya wata maƙwabciyarmu, wadda maigidanta ya rasu shekara uku da suka wuce, ta shigo gidanmu da baƙar leda cike da takardu. Ta zazzage su a kan tabarma: kwafin hukuncin rabon gado, takardar cinikin gida, da ɗan katin lauya da ya yi laushi saboda yawan juyawa a hannu. Gidan gadon marayunta ne aka sayar, mai saye ya biya ta hannun lauyansu, yau wata goma sha ɗaya ko sisi ba ta gani ba. In ta buga waya sai ya ce, "Hajiya, a ƙara haƙuri, ina kotu." In ta je ofis, yaronsa ya ce Barista ya yi tafiya. Da na tambaye ta ko ta kai ƙara, sai ta dube ni ta ce, "Malam, ƙarar lauya? Wurin wa? Na bar shi da Allah."

Tambayar nan ta tsaya mini a rai, domin akwai wurin, ita ce dai ba wanda ya taɓa gaya mata.

Dokar aikin lauya ta Najeriya ta wajabta wa duk lauyan da ke karɓar kuɗin wanda yake wakilta ya buɗe musu asusu daban a banki, ba asusun da yake cefane da shi ba. Ƙa'idojin ɗa'ar aikin na 2023, waɗanda suka maye gurbin na 2007 suka kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024, sun ce da zarar kuɗi sun shigo hannunsa ya sanar da mai su ba da ɓata lokaci ba, ya yi masa lissafi, kada ya cakuɗa su da nasa, kada ya juya su. Amana ce aka rubuta ta da yaren doka. Wanda ya ci ta kuwa, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, da ke zama a Abuja. Yana da ikon yi wa lauya gargaɗi, ko dakatar da shi, ko sa a goge sunansa daga rajistar da ke Kotun Ƙoli, ya kuma umarce shi ya mayar da kuɗin mutane.

Wasu in an matsa musu sai su ce ai ladan aikinsu suka riƙe. Haƙƙinsu ne a biya su, ba musu. Amma ladan ma da tsarinsa: lauya ba ya iya maka ka a kotu kan kuɗin aiki sai ya ba ka takardar lissafi, an kuma yi wata guda. Wanda doka ta tsare shi haka a kan nasa, ina ya samo ikon danne na marayu babu ko rasit?

Na san lauyoyi masu tsoron Allah, ciki har da matasan da ke zarya gidan yari suna tsaya wa talaka kyauta. Su ne wake ɗaya ke ɓata wa gari, shi ya sa shirun da suke yi yake ba ni ciwo. Ƙa'idojin nan da Turanci suke, Turancin ma irin na lauyoyi. Koke sai an rubuta shi, an haɗa da takardar rantsuwa. Wa zai rubuta wa bazawarar da ba ta yi boko ba? Wani lauyan. Shi kuma yana jin nauyin ɗan'uwansa da za su haɗu gobe a harabar kotu.

Rassan ƙungiyar lauyoyi ta NBA a Kano, Kaduna, Katsina da Sakkwato za su iya rage wannan cikin mako guda. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, boko da ajami, a liƙa a ƙofar kowace kotun majistare da kotun shari'a: ga haƙƙinka a kan lauyanka, ga inda za ka kai kuka. Lauyoyin da ke shiga rediyo suna amsa tambayoyin jama'a su ware fili guda su yi magana a kan nasu gidan.

Ita Hajiya mun samu wani matashin lauya da ya yarda ya rubuta mata koken. Ya karanta takardun sau biyu, ya yi shiru, sannan ya ce ta zo ranar Litinin da lambar wayar mai sayen gidan da shedar biyan kuɗi daga banki.