RA'AYINMU: CIKI YA CIKA, JINI YA YI KAƊAN

Hausawa na cewa da ruwan ciki kan ja na rijiya. Duk wanda ya baro Sakkwato ko Katsina ko Haɗeja ya zo neman halaliya a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, jarinsa na fari shi ne ƙarfin jikinsa. Saboda haka ya zama wajibi a yau mu jawo hankalin 'yan'uwanmu mazauna Kudu ga wata irin yunwa wadda ba ta sa ciki kugi, amma tana cin jama'armu a ɓoye, tun ba mata da ƙananan yara ba.

Masana sun tabbatar da cewa ban da abin da ke ƙosarwa, jikin ɗan Adam yana bukatar waɗansu sinadarai 'yan kaɗan a kowace rana. Akwai sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake yin jini; akwai zinki, mai taimakon girman yaro da kare shi daga cututtuka; akwai kalsiyam, mai gina ƙashi da haƙori; sannan akwai aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo da dakushewar ƙwaƙwalwa. A ƙasashe matalauta, inda yawancin abin da ke shiga bakin mutum hatsi ne, safe da rana da dare, waɗannan sinadarai ba su cika isa ba.

Dalili kuwa biyu ne. Na farko, yawancinsu suna zaune ne a bayan ƙwayar hatsi, watau a dusa, wadda surfe da injin gyaran shinkafa ke kwashewa. Na biyu, a cikin hatsi akwai wani abu da masana ke kira fayitet, wanda ke ƙanƙame ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotse su. Har ƙasar da aka yi shukar ma tana da hannu a ciki, domin wani bincike da aka buga a 2021 kan hatsin Habasha da Malawi ya nuna cewa albarkar ƙwaya takan bambanta daga wannan gunduma zuwa waccan, gwargwadon irin ƙasar gonar.

Kada wani ya ce wannan zancen nesa ne. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin ɗari na yara daga wata 6 zuwa wata 59 suna da ƙarancin jini, haka nan kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49. Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu laifin, amma abinci na daga cikin manyan dalilai. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma a Arewa maso Yamma, tushen da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, adadin ya kai kashi 57. A Jos kuwa, likitoci sun ba da rahoto a 1999 cewa yara masu lanƙwasar ƙafafu da suka yi wa magani, rashin kalsiyam a abinci ne babban abin da ya same su, kuma da aka ba su shi ƙashinsu ya gyaru.

To, ina matsayin ɗan Arewa da ke zaune a Kudu? Abin takaici, sau da yawa zuwa birni ƙara masa ciwon ya yi. A gida yakan sha furar gero da nono, ya ci tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa. A Agege ko Sabon Ibadan kuwa, tsadar rayuwa da son tara abin aikawa gida sun mai da shi ga burodi da shayi da safe, garin kwaki da sukari da rana, farar shinkafa ko taliya da dare. Gero ya fi farar shinkafa ƙarfe da zinki nesa ba kusa ba, haka nan ya fi garin rogo. Shayin ma, in an sha shi tare da abinci, rage wa jiki tsotsar ƙarfe yake yi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne maganin yana hannunmu. Wa ke kawo wake da tumatir da tattasai kasuwar Mile 12 da ta Bodija? Wa ke kawo shanu da bandar kifi? Mu ne. Ba daidai ba ne mu ciyar da birni da kayan gina jiki, mu koma ɗaki mu jiƙa gari.

Bisa ga haka muna ba magidanta shawara kamar haka. A mai da hankali ga miya fiye da malmala: kuka da zogale da riɗi da daddawa ba su da tsada, kuma ƙananan kifi in an daka su da ƙayarsu an zuba a miya suna ba yaro kalsiyam. A riƙa haɗa wake da hatsi, a kuma sayo wa mai ciki da mai goyo hanta ko da sau ɗaya a mako. Kada a raina dabarar iyayenmu ta jiƙa gero a bar gasara ta yi tsami kafin a dama koko, domin jiƙo da tsami suna karya ƙarfin fayitet. Lemo ko tumatir ɗanye a gefen abinci na taimaka wa jiki ya sami ƙarfe, shayi kuwa a jinkirta shi zuwa bayan awa guda. Mai ciki ta je awo ta karɓi ƙwayar ƙarin jini, kuma ta shanye ta. Wanda zai aika kuɗin cefane gida, ya faɗa da bakinsa cewa a ware na wake da kifi, kada a ƙare su duka a kan buhun masara.

Hukuma ma tana da nata nauyin. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri a ƙasar nan, kuma an ga amfanin haka wajen raguwar maƙoƙo. Daga 2002 aka tilasta wa masana'antu ƙara sinadarai a fulawa da sukari da man girki. Amma doka ba ta aiki da kanta: muna kira ga hukumomin NAFDAC da SON su tsananta bincike a masana'antu da kasuwanni. Sa'an nan a tuna cewa talakan da ke kai hatsinsa injin niƙa na unguwa ba ya cin moriyar wannan doka. Shi sai an bi ta gona. A 2018 Jumhuriyar Nijar ta fitar wa manoma da wani irin gero mai yawan ƙarfe da ake kira Chakti. Ya kamata gwamnatocin jihohinmu su tsaya tsayin daka su ga irin wannan iri ya isa hannun ƙaramin manomi.

A ƙarshe muna roƙon Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni su ɗauki wannan magana su kai ta zaure-zaure. Yaron da ya tsumbure kafin ya cika shekara 2 da wuya ya maido abin da ya rasa, ko a tsawo ko a karatu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon aikatawa, amin.